Hoton da na ƙona a injin leda

Shekarun baya, lokacin da mutanen Mubi da Michika suka cika Jimeta suna gudun rikici, ina aiki a wani shagon buga takardu kusa da kasuwa. Mu uku ne: mai shagon da muke ce wa Oga, da abokiyar aikina, wata 'yar Numan da ta girme ni, sai ni da sabon digirina.

Ba zan ce ba ma shiri da ita ba, amma gaisuwa kawai ke haɗa mu. Tana da wata ɗabi'a da nake ganin ɓata lokaci ce: duk takardar da aka kawo, sai ta ɗauki kwafinta a kwamfuta kafin a taɓa ta. Ta taɓa ce mini in riƙa yin haka, na ce ai na sani. Ban yi ba. Ina jin, ko da yake ba na son faɗa, nauyi nake ji a ce wadda ta tsaya a sakandare ce ke koya mini aiki.

Wata safiya wata dattijuwa ta shigo da hoto ƙunshe a bakin zaninta. Na mijinta ne. Ta ce ranar da suka gudo shi bai fito ba, kuma hoton nan kaɗai ta iya ɗaukowa. So take a sa masa leda, don ruwa na shiga inda suke kwana a harabar coci. Abokiyar aikina ta karɓa, ta ce ta dawo bayan azahar. Can ta ajiye mini shi a tebur, ta fita kai aiki wani ofis.

Injin sa ledar ya daɗe a kunne. Na san tsohon hoto ba ya son zafi, na kuma san ya kamata in fara gwadawa da wata takarda. Layi ya yi tsawo, sai na tura hoton haka. Ya maƙale. Da muka zaro shi, leda ta narke a kansa gaba da baya, duk ya yi baƙi.

Oga ya duba ya ce, "Mai digiri, ka gama aiki! To ka ce mata wuta ce ta zo da ƙarfi. Ko ka bar wadda ta karɓa ta yi bayani."

Haka muka saba a shagon. Laifi na wuta ne, ko na wanda ba ya nan. Kuma gaskiya na so in bi shawararsa.

Da abokiyar aikina ta dawo, na tare ta a bakin ƙofa, na kira ta yadda ake kiran babbar yaya, na ce, "Adda, na yi ɓarna."

Ta dube ni ta ce, "Yau kuma ni ce Adda?"

Na nuna mata. Ba ta yi faɗa ba. Ta buɗe kwamfuta, sai ga fuskar mutumin. Ta buga sabo, ta miƙo mini, ta ce, "Amma kai za ka gaya mata. Da bakinka."

Da dattijuwar ta zo, na durƙusa na ce, "Mama, ni na ƙona miki hoto. Ba wuta ba ce, gaggawata ce. Ga wani mun fitar."

Ta karɓa ta daɗe tana kallo. Har na fara sakin jiki. Sai ta juya bayansa, ta ga fari fat.

"Rubutun fa?"

Ashe mijin ya rubuta sunayen 'ya'yansu a baya, da hannunsa. Abokiyar aikina ta ce, "Mama, wannan kuma laifina ne. Ban juya shi na ɗauki kwafin bayan ba."

Dattijuwar ta ce a ba ta ƙonannen. Ta haɗa su biyu ta ƙulle a zaninta, ta ce, "Da kun ce wuta ce, da na yarda." Ta fita.

Ban san ko yafiya ce ko akasinta ba, kuma ban ƙara ganinta ba. Abin da na sani shi ne daga ranar, ko Oga ya daina ambaton wuta. Wanda ya taɓa aiki shi ke tsayawa gaban mai aikin.

Yanzu ina da ɗan shagona a unguwar Limawa, Adda ce ke riƙe da makullinsa. Har yau in an miƙo mini takarda, kafin in karanta gabanta, sai na juya bayanta.