Ɓeran da Ke Ƙulle Bakin Buhu

Shekarar da shinkafa ta yi mini kyau a Bakolori ita ce shekarar da kaina ya fara rawa. Ni malamin makaranta ne a Bakura, kullum sai na hau babur daga Mafara in je in dawo, kuma wanda ya san aikin koyarwa ya san ba shi kaɗai ke riƙe gida ba. Ɗan filin da nake nomawa a bakin kanal ɗin ban ruwa shi ne rufin asirina. A wannan shekarar sai ga buhuna jingine da juna a ɗakin ajiya, har nakan shiga ba don komai ba sai don in tsaya in kalle su, in bubbuga ɗaya in fito.

Ɗakin a cikin zaure yake, hannun dama idan ka shigo daga titi. Makullinsa biyu ne, ɗaya a aljihuna, ɗaya a wurin Inna, mahaifiyata, wadda ke zaune tare da mu tun rasuwar Baba. Yawancin buhunan shanshera ce da ba a casa ba, ta sayarwa, sai guda ɗaya na gyararriya da muke ci. Shi wannan ne na lura yana ramewa fiye da yadda tukunyarmu ke ci. Na tambayi matata, ta ce ita abin da na auna mata a roba shi take dafawa, ɗakin ajiya kuwa ko ƙofarsa ba ta taɓawa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne bakin buhun. Ni idan na ɗiba murɗe shi kawai nake yi in cusa, don ba ni da haƙurin ƙulli. Amma sai in dawo in tarar an ɗaure shi tsaf da igiya, da wani irin ƙulli mai kyau wanda ja ɗaya ke warware shi. Na kai ƙara wurin Inna tana zaune tana tsince wake.

Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Ɓera na."

Na ce, "Inna, wane irin ɓera ne zai ci ya ƙoshi, sannan ya ƙulle bakin buhu?"

Ta ce, "Ɓeran gidan mutane. Yana da ladabi."

Na yi dariya na tashi, na ɗauka tsufa ne ke magana. Ni da nake koya wa 'ya'yan mutane karatu, ban iya karanta fuskar uwata ba.

Inna tana da wa guda ɗaya, Kawu. Mutumin wajen Faru ne, can ƙasar Maradun, kuma a da idan shanunsa suka taso daga mashaya sai ka tsaya su gama wucewa. Ranar sunana shi ya ba ni karsana, kamar yadda kawu ke yi wa ɗan ƙanwarsa a wurinsu. A rugarsa nake hutun makaranta ina yaro. Da zaman daji ya gagara, sai ya shigo Mafara da matarsa da jikoki, ba ko jela ɗaya ta saniya, aka ba shi aron ɗaki a bakin gari ta hanyar Ruwan Gizo. Duk Juma'a yakan zo gaida Inna da farar rigarsa guda ɗaya, a wanke fes. Idan aka kawo abinci sai ya ce yanzu ya tashi daga kan akushi. Sau ɗaya na taɓa cewa zan aika masa da buhu, ya dube ni har sai da na sunkuyar da kai, ya ce, "Ɗana, kawu shi ka badawa. Ba a juya hula a sa ta ga ƙahwa." Daga nan ban sake ba, kuma in faɗi gaskiya, na ji daɗin an sauke mini nauyi.

A lokacin gari a tsorace yake. An fasa wa wani maƙwabcinmu shago, kuma ko akuya ce ta ture kwano sai ka ga maza sun fito da gora. Wata rana na shiga shagon mai sayar da kayan sola in sayi batir, na ga wata na'urar tona asirin ɓarawo a kan kanta. Kaya uku ne a kwali guda: wani farin ido mai girman sabulun wanka, da akwatin jiniya, da ɗan rimot kamar makullin babur. Babu wayar da za a ja tsakaninsu. Mai shagon ya ce idon zafin jikin mutum yake ji, da zarar mutum ya gifta gabansa sai ya sanar da jiniyar ta iska. Kafin ya gama bayani na riga na saya a zuciyata.

Ranar Asabar na yi aikin, kuma na yi shi kamar mai gina gada. Na zuba wa idon batir, na danna maɓallin da ke bayan jiniyar har ta yi 'yar tsuwa, sannan na kaɗa hannu gaban idon, ta sake tsuwa, alamar sun san juna ke nan. Mai shago ya ce a kafa shi sama da tsawon mutum, a kusurwa, kada ya kalli taga don zafin rana na ruɗa shi, kuma kada ya fuskanci ƙofa kai tsaye, ya fi kama wanda ya ratsa ta gefe. Na ɗauko turmi na shiga ɗakin ajiya na hau. Ƙusar farko ta lanƙwashe, ta biyu ta ɓantaro filasta ta zubo mini a ido, ta uku kuwa babban yatsana ta samu kafin bango. Da na gama na gwada, sai kazar matata ta shigo tsintar tsaba ta tayar da shi. Na sake hawa na ɗan ɗaga kansa sama, na mai da ɗan maɓallin cikinsa kan matsakaici, har ya zamana kaza ta wuce lafiya, mutum kuwa ko sanɗa yake yi sai an ji.

Jiniyar kuma ban bar ta cikin ɗaki ba. A saman ƙofar zaure na rataye ta, bakinta na kallon titi. Gwajin farko da na yi, sai da rabin unguwa ya taru. Na tsaya a kan dakali da rimot a hannu ina bayani kamar ina gaban allo, na ce musu, "Duk ranar da kuka ji wannan kukan, kada ku tsaya tambaya, ku fito kawai." Suka ce madalla, Malam ya kawo ci gaba.

Da aka watse Inna ta leƙo zaure, ta daɗe tana kallon ɗan jan hasken da ke ƙiftawa a kusurwar ɗakin ajiya.

Ta ce, "Wanga abu, ya san na gida da baƙo?"

Na ce, "Bai san kowa ba, Inna. Amfaninsa ke nan."

Ta ce, "To abin da bai san kowa ba, mi zai yi gidan mutane?" Sannan ta ƙara da cewa, "Da rana dai ka kashe shi. Ban son ihu ina salla."

Na ce to. Kuma na riƙa kashewa, har ranar Talata.

Talata ita ce kasuwar garinmu, ranar da unguwa ke zama fayau, maza sun tafi, yara sun bi su. Ana hutun makaranta, kuma na riga na lura buhuna ya fi ramewa a tsakiyar mako. Da zan fita da hantsi na sa hannu a aljihu na danna rimot, ban gaya wa kowa ba. Ban ma tafi kasuwar ba, rumfar tela da ke kan kwana na zauna ina jira, zuciyata fal da daɗin dabarata.

Rana ta ɗaga sosai sannan jiniyar ta tsage. Ban san unguwar da na zata babu kowa tana da maza haka ba. Suka fito daga lunguna, mai gora, mai taɓarya, wani da ƙotar fartanya, ni ne a gaba ina ihu a tare ƙofa. Na faɗa zaure. Ƙofar ɗakin a buɗe take, kwaɗon na rataye ba a fasa shi ba.

Kawu ne tsaye gaban buhun. Ƙaramin kwano a hannunsa na dama, 'yar jaka a na hagu, malfarsa ta faɗi ƙasa. Bai gudu ba, bai ɓoye kwanon ba. Ya juyo ya dube ni, ni kuma da sanda a hannu, ban ma san a ina na tsince ta ba. Na shiga lalubar rimot, na danna wannan na danna wancan, abin sai ƙara kuka yake yi. Wani daga baya, wanda bai ga ko wane ne ba, ya ɗaga murya ya kira sunan da har yau ba na iya maimaitawa. Da ƙyar na samu maɓallin. Shirun da ya biyo baya ya fi jiniyar ciwo. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

Wani dattijo maƙwabcinmu, Allah ya saka masa da alheri, shi ya fara motsi. Ya jingine gorarsa a bayan ƙofa, ya matso ya miƙa wa Kawu hannu kamar a ƙofar masallaci suka haɗu. Ina wuni, ina gajiya, ya iyali, ya baƙunta, ya muka ji da zafi. Kawu ya ajiye kwanon ya amsa kowace gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, muryarsa ba ta ko girgiza ba. Kafin su gama, mutane sun zare jiki sun fice, kowa na ɓoye sandarsa a bayan riga.

Sai Kawu ya juye abin da ke cikin jakar a buhu, ya karkaɗe ta. Ya tattara bakin buhun, ya zagaya igiya, ya yi ƙullin nan a gabana. A nan na gane shi. Ƙullin da ake ɗaure maraƙi ne a turke lokacin tatsa, shi da kansa ya koya mini ina yaro, hannunsa a kan nawa. Ya ɗauki malfarsa ya ce, "A gaida mutanen ɗaka," ya fita.

Na shiga wurin Inna ina jiran faɗa, don faɗa zai fi mini sauƙi. Tana zaune a kan tabarma, idonta ja. Ta ce tun zuwansu gari, duk Talata takan buɗe kwaɗon ta bar shi rataye, don ranar ce titi ba idon mutane. Ba ta taɓa gaya masa ta buɗe ba, shi ma bai taɓa gaya mata ya shiga ba.

Ta ce, "Ni ban ba shi ba, shi bai roƙa ba. Haka munka zamna lahiya."

Na ce, "Don me ba ki gaya mini ba, Inna?"

Ta ce, "In na gaya maka, ka sani. In ka sani, ran Juma'a zai gani ga idonka." Ta gyara zama ta ce, "Hilin da kake taƙama da shi, da mi anka saye shi?"

Na san amsar. 'Ya'yan karsanar sunana aka sayar aka saya.

Washegari na ɗaure buhu guda a bayan babur na nufi bakin gari. Kawu ya tarbe ni da fara'a, ya shimfiɗa mini buzunsa shi ya zauna a ƙasa. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo. Ya tambayi makaranta, ya tambayi ruwan kanal. Duk lokacin da na buɗe baki zan kawo maganar jiya, sai ya tambayi lafiyar wani. Na saci kallon murhunsu, tokar a kwance take, ko alamar hayaƙi babu. Da na miƙe na fara kwance buhun, ya ɗora hannu a kan igiyar ya ce, "Bar shi, ɗana. Muna da abinci, alhamdu lillahi." Sannan ya zagaya bayan ɗaki, na ji kukan kaza, ya dawo da ita ƙafafu a ɗaure. Kaji biyu na gani a gidan da na shigo. Ya rataya mini ita a kan babur ya ce ɗan ƙanwa ba ya zuwa gidan kawu ya koma hannu sake. Ƙin karɓa zai zama mari na biyu, don haka na karɓa. Haka na ratso gari, buhu a baya, kaza a gaba tana lilo, ina kuka kamar yaro, mutane na zaton iska ce ke shigar mini ido.

Bai zo ranar Juma'a ba. Kafin damina ta sauka muka ji ya kwashe iyalinsa ya koma wajen Maradun, wurin da ya baro don tsira da rai. Yakan aiko da gaisuwa, kullum lafiya lau.

Na cire batir ɗin tun a ranar, amma idon na nan a kusurwa, don duk sanda na ɗauko turmi zan hau sai in ji ba na son ko taɓa shi. Inna ba ta daina ba. Duk Talata da hantsi nakan ji ƙarar makullinta a zaure, ni kuma in hau babur in yi nisa da unguwar, ko ba ni da wurin zuwa. Da yamma in dawo in shiga ɗakin, in tarar da bakin buhun a murɗe, yadda na bar shi.