Wa'adin Kwana Uku ga Tsamiyar Gidanmu

Duk inda na ji warin fetur da aka gauraya da baƙin mai, ko a bakin ruwa a Kwatano ne, ko a bayan wata kasuwa a Jidda, sai in ga kaina a gidanmu na Yakasai, ina 'yar shekara tara, ina kallon Baffa yana jan igiyar inji.

A shekarar da sojoji suka fara miƙa mulki ga farar hula ne. Baffa, ƙanen mahaifina, ya dawo daga Kurmi, can Kudu, inda ya yi aikin katako, ya zo da wani tsohon zarto mai inji da ubangidansa ya bar masa. Jan fentinsa ya koɗe, mariƙinsa da waya aka ɗaure, nauyinsa kuwa ya kai na tunkiya. Ana nan sai matarsa ta yi haihuwar fari a gidan iyayenta a Kabara. Kun san wankan jego, kwana arba'in ana dafa ruwa safe da yamma, itacen kuma a wuyan miji yake. Wanda Baffa ya aika saura na kwana uku ya rage, surukai har sun fara aiko da gaisuwa mai tsawo.

A bayan ɗakin Kaka akwai wata tsamiya da ta bushe tun damina biyu, masu faskare sun ƙi taɓa ta. Baffa ya ce ranar nan zai kayar da ita. Kaka ta ce ba a sare tsamiya sai an yi wa mazauna cikinta sallama, an ba su kwana uku su kwashe kayansu. Baffa ya yi dariya, ya ce ƙarar injin nan ta ishi kowa sanarwa.

"Sojan ma da bindiga a hannunsa sai da ya faɗi ranar tashinsa," in ji Kaka. "Kai da zarto za ka fi shi?"

Baffa ya kwance fulogin injin ya goge, yana gaya mana cewa wannan ɗan abin shi ne ransa, ya ajiye a kan turmi ya tafi sallar azahar. Da ya dawo, babu fulogi. Aka share tsakar gida, aka zazzage aljihun yara. Kwana biyu yana zagaya wajen kanikawa, kowa ya ce an daina kawo irinsa tun da daɗewa.

Ni kuwa na buɗe kwanon goron Kaka, na gan shi kwance cikin ganye.

"Ƙawata, me kika gani?" in ji Kaka.

Na ce goro. Ta ba ni alewa.

Kowace safiya Kaka takan tsaya a gindin tsamiyar ta yi sallama, ta faɗi kwanakin da suka rage. Ta kuma aika wa maƙwabta. Marinin da ke shanya a katangarmu ya kwashe tufafinsa, Malam na bayan gidanmu ya kwance awakinsa ya mai da su zaure.

Ranar da wa'adi ya cika, sai ga fulogi a kan turmi. Baffa ya ɗauka, ya shinshina, ya dubi mahaifiyarsa.

"Inna, mutanen sun gama kwashe kayan?"

"Sun gama. Har sun dawo maka da naka."

A ja na bakwai injin ya yi tari ya tashi. Kaji suka watse, shuɗin hayaƙi ya cika gida, garin itace ya zubo mana a ka muna tsalle. Reshe-reshe aka riƙa saukewa da igiya saboda ƙuncin wurin. Sai wani babba ya suɓuce, ya tsallake katanga, ya dira daidai turken awakin Malam, inda babu ko akuya ɗaya. Baffa ya kashe inji, ya daɗe yana kallon wurin. Kafin la'asar amalanke biyu sun nufi Kabara, suka tarar an iza guntun ƙarshe a murhu.

Bayan shekaru, a wata ƙasa mai sanyi, na ga an ɗaura wa bishiya takarda a bakin titi, an rubuta ranar da hukuma za ta sare ta. Na tsaya ina dariya ni kaɗai, masu wucewa suna kallona.

Yau da gas ake dafa ruwan jego a gidanmu, wurin tsamiyar kuma an gina ɗakin bulo. Ban san inda mazaunanta suka koma ba. Amma duk sanda zan shiga ɗakin nan, ko babu kowa a ciki, sai na yi sallama na ɗan dakata.