Fitilar Baba ta Uku

Duk wanda ya kawo mota garejina a Birnin Kudu ya ce in ƙara mata fitilu, to ya nemi wurin zama. Ba na jan waya daga batir sai na sa fis, mai katse wuta in waya ta haɗe, kuma duk inda waya za ta ratsa ƙarfe sai na sa mata rigar roba. Masu gaggawa suna cewa Sabo ya cika ƙaƙale. Su yi ta faɗa, ba su san ƙauyenmu Kwandiko ba.

A can na tashi, ni da yayata Ladidi, a hannun kakarmu, don mahaifiyarmu ta rasu tun ina rarrafe. Baba direba ne, yana jan motar wani ɗan kasuwa, a-kori-kura mai ja da ƙafa huɗu, yana kwaso hatsi daga kasuwannin ƙauye. Da damina hanya kan lalace, fitilun motar kuma ba su da ƙarfi, sai ya sayo wata rawaya ya ɗaura a saman rufi ta hagu. Da hannunsa ya haɗa ta, waya tun daga batir ba fis, makunni kuwa irin na ɗaki. Ko daga ina ya ɓullo mun san shi ne: farare biyu a ƙasa, rawaya ɗaya a sama.

Ranar da zai dawo, bayan isha'i Kaka takan hura wutar korar sauro a ƙofar gida, ta zauna tana fuskantar hanya. "Kai mijin banza, matso," in ji ta da ni, "ba cefane, ba ko goro, sai kunnen jin tatsuniya. To ga ta nan ta iso, ku ba ta wuri."

Kullum tatsuniyar ɗaya ce. Wani mutum zai tafi fatauci, uwarsa ta zuba garwashi a kasko ta ɗaure a kan jakinsa, don ta gane shi daga nesa. A hanya iska ta ce ya ba ta garwashin, ya ce na uwata ne. Ruwan sama ya roƙa, ya kife hularsa a kai. Kura ta ce za ta riƙe masa, ya ce na gode, yi gaba. Sai ya iso bakin wani rafi da ya cika ya batse.

Ba mu taɓa haye rafin nan ba. Da an iso nan sai rawayar fitila ta ɓullo tsakanin dawa, Kaka ta tafa hannu ta ce, "Ga ubanku nan, ku tashi," mu zuba da gudu. In ya yi jinkiri sai ta ƙaro wa mutumin wahala, ta kawo biri, ta kawo ɓarawo. Haushi nake ji ƙwarai. Nakan ce tsohuwar nan ba ta san ƙarshen ba ne, ita kuma ta ce wanda bai biya sadaki ba ba ya jin ƙarshe.

Wata ranar da almuru wani mutum ya zo a keke, ya yi magana da ita a zaure ya tafi. Ta ba mu tuwo, ta hura wuta kamar kullum, amma sai ta zauna ta ba hanya baya. Ba ta tsokane ni ba. Ta wuce iska, ta wuce ruwa, ta wuce kura, ta iso rafi, ba ta tsaya ba. Ta ce mutumin ya shiga, ruwa ya fi ƙarfinsa, amma kaskon ya taso ya bi rafi har bayan gidansu, garwashin bai mutu ba. Uwar ta ɗauka ta hura wuta, ta dafa wa 'ya'yansa abinci. "Ta ƙare," in ji ta, "kowa ya ɗauki tabarmarsa."

Wallahi murna na yi, yau na ji ƙarshe. Ladidi ce ta fashe da kuka. Sai da gari ya waye aka gaya mini wayar nan ta goge a jikin ƙarfe ta haɗe, fitilun duka suka ɗauke, Baba yana kan gangara da lodi, motar ta kife, nan ya rasu.

Na yi shekaru ina ɗauka darasin shi ne a sa fis, kuma a kan haka na koyi sana'a. Bayan na girma na kai wa Kaka goro, idonta ya riga ya tafi, na tambaye ta ko haka tatsuniyar take tun asali. Ta ce, "A'a, maigida. Da can yakan haye. Ban san yadda zan gaya muku ba ne."

Yanzu ita ma ta rasu, Ladidi tana aure a Kano, gidan a rufe yake. Ina da tawa motar, na sa mata rawaya ɗaya a sama ta hagu, aiki mai kyau wanda ba zai ɗauke ba. Wani lokaci in kewa ta ishe ni nakan kama hanyar Kwandiko da magariba. Idan na sha kwanar ƙarshe sai in kunna ta, ko da yake na san babu kowa a ƙofar gidan.