Rizwan bai tuba daga ƙwallo ba

Shekara uku ke nan da rasuwar abokina Rizwan, ɗan ƙasar Malesiya da muka yi karatu tare a nan Alƙahira. Na so in tuna shi da addu'a kawai, amma abin da na ji a wani taron ɗalibai a Giza ya hana ni yin shiru.

Wani ustaz daga cikinmu, wanda ko gaisawa ba su taɓa yi da mamacin ba, ya miƙe yana wa'azi da sunansa. Wai ɗan ƙwallo ne da ya gane ɓatansa, ya jefar da takalman wasa ya rungumi ilimi. Mutane suna ta kabbara. Da aka tashi na tare shi a bakin ƙofa.

"Ustaz, wa ya ba ka wannan labarin?"

"Ma'alish, ba komai, ɗan'uwa," ya ce, "ai darasin ake so."

Darasin da aka gina a kan ƙarya, kuma a kan wanda ba zai iya tashi ya kare kansa ba!

Ga abin da na sani. Rizwan ɗan masunta ne. Daga ƙungiyar matasan jiharsu aka ɗauke shi zuwa babbar ƙungiya, ya yi shekaru yana cin abinci da ƙwallo. Ɗan wasan tsakiya ne, gajere, bahago, ba shi da gudu na a zo a gani. Amma kafin ƙwallo ta iso ƙafarsa ya riga ya waiga ya san inda kowa yake. Taɓawa ɗaya, sai ka gan ka kai kaɗai da mai tsaron gida. Ba ya yanka don a tafa masa, ba ya yi wa alƙalin wasa ihu.

Da gwiwarsa ta samu matsala, shugabannin ƙungiyar suka riƙa sa a yi masa allura yana shiga fili, don suna neman kofi. Ranar da gwiwar ta ƙi ɗaukarsa gaba ɗaya, suka sallame shi ba tare da ko wasan ban kwana ba. Wannan ne ya raba shi da sana'arsa. Karatun addini kuwa burinsa ne tun yana yaro, bai zo nan don gudun wani zunubi ba.

Lokacin da muka haɗu, mu 'yan Najeriya filinmu daban, Hausawan Sudan nasu daban, 'yan Malesiya ba sa ma kusantar mu, wai muna da ƙarfin tsiya. Shi ya bi mu ɗaki ɗaki da Larabcinsa mai karyewa har ya haɗa mu wuri guda. Yakan ɗaure gwiwar da bandeji bayan la'asar, ya ce, "Yalla, Bashir, kai dai ruga, zan same ka." Kuma yana samuna da ƙwallon. Ni da na saba buga ƙwallo sama ina fatan sa'a, a wurinsa na koyi ɗaga kai.

Mota ce ta buge shi yana tsallaka titi a kasuwar Ataba, ya je saya wa matarsa tsaraba. Mu muka yi masa wanka. Daga tsohuwar ƙungiyarsa ko gaisuwar mutuwa ba ta zo ba.

Da zai dawo yau ya ji yadda aka mayar da shi, na san dariya zai fara yi, don ba mai saurin fushi ba ne kamar ni. Daga baya zai tambaya a hankali, me ya sa sai an ɓata rabin rayuwarsa kafin a yabi ɗaya rabin? Mutumin da ya haddace izu masu yawa da takalman ƙwallo a jakarsa, wane ne ya isa ya raba masa su bayan ransa?

Wasan da ya haɗa bai watse ba, har yanzu muna fita, har da sababbin ɗaliban da ba su san shi ba. Ya kuma bar 'ya mace, tana goye lokacin da ya rasu, yanzu tana wurin kakanninta a bakin teku, can Malesiya. Wata rana za ta tambayi wane ne babanta. Ina roƙon duk wanda tambayar ta faɗo a kansa ya ji tsoron Allah, ya ce mata malami ne, kuma gwanin ƙwallo ne, kuma bai taɓa jin kunyar ko ɗaya ba.