Ranar da Baba Makanike Ya Zare Mini Makulli

Kullum da hantsi Baba Makanike yakan shanya farin ƙyalle a igiyar garejinsa, har masu shaƙiyanci na ce masa mai wanki. Shekara arba'in yana gyaran tsofaffin motocin da kowa ya sallama. Dokarsa ɗaya ce: sai ya cire murfin saman inji, ya tayar da mota, ya kara ƙyallen. In baƙin mai ya fantsalo ya ɓata shi, Allah kiyaye hanya. In ya fito fes, mai bai hau sama ba, ko kai ɗan wane ne ba inda za ka.

Na taɓa tsanar dokar nan. Ranar da maciji ya sari yayana a gona, na kwantar da shi a bayan tsohuwar motar mahaifinmu. Asibitin da ke da maganin tafiyar awa biyu ce, rabinta daji. Mun zo wuce gareji injin na ƙas-ƙas, sai ga Baba a tsakiyar titi. Ina taka birki ya zuro hannu ya zare makulli.

Na ce, "Baba, don Allah, ƙafar Yaya ta kumbura har gwiwa."

Ya ce, "Na gani, ɗana. Amma saman injin motar nan a bushe yake. A daji za ta buga, inda ko mai keke ba ya bi."

Ya cire murfi, ya tayar da ita, ya kara ƙyalle, ya fito fari tas. Ya kwance ƙarfen da ke raba mai a saman injin, ya zura siririyar waya cikin 'yar kafar da datti ya toshe, ya kafa baki ya hura, ƙarfen da zafinsa. Yaya yana nishi a baya, can sai nishin ya fara yin ƙasa. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba. Na zagi dattijon da ya yi sa'ar ubana, ko ɗagowa bai yi ba.

Da ya mayar ya sake tayarwa, sai ɗigo baƙi ya bayyana a ƙyallen, wani ya biyo. Ya miƙo mini makulli, leɓensa duk ya kwaile. "Tafi, kada ka matsa mata."

Yanzu tsufa ya kama Baba, zai rufe gareji, ni kuwa tsoro ya dawo mini sabo. Wa zai ƙara tare titi saboda ƙarar da mai motar ma bai damu da ita ba? Masu gyaran yanzu, ku je ku karɓi ƙyallen nan tun yana iya nuna muku.

Baba, kai ne ka ga mutum na mutuwa a bayan mota, ka danne tsoronka ka gama aikinka. Tabon yana leɓenka har yau. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Zagin nan kuma ka yafe mini. Yaya ne ya ce in roƙe ka a gaban jama'a, ga shi nan zaune kusa da ni.