Salansar Basfa da Izu Ashirin

Da aka ƙirƙiro jihar Jigawa, mu ƙananan ma'aikata aka kwaso mu daga Kano aka kawo mu Dutse, kowa da katifarsa a naɗe. Na sami ɗaki biyu a unguwar Yalwawa, na kuma sami maƙwabci, wani dattijon malami mahaddaci wanda ya yi karatun allo tare da mahaifina. Ni ma a allo na taso. Na yi sauka, na kama hadda, sai aikin gwamnati ya ɗauke ni ina da izu arba'in a ka. Ashirin ɗin da suka rage sun daɗe suna damuna.

Malam shi ne limamin Juma'a na wani ƙauye gaba da Kiyawa, garin iyayensa. Gwiwa ta fara ba shi wahala, motar haya kuma a bakin titi take sauke mutum, sauran tafiyar sai a ƙafa cikin rairayi. Ni kuwa ina da Basfa, tsohuwa, ruwan toka, wadda na saya a hannu. Na roƙe shi ya bari in riƙa kai shi.

Ya ce, "To, amma ba na hawa kyauta. Kai ka ja mashin ka ja karatu, ni in saurara."

Haka muka ɗora. Cikin mako in haddace abin da ya sawwaƙa, ranar Juma'a in biya masa a hanya. In na tsallake kalma sai ya taɓa kafaɗata ta dama, in na karya wasali ya taɓa ta hagu, ya sunkuyo ya faɗa mini daidai a kunne. In mun dawo in rubuta kurakuran da ajami a wata takarda da nake ajiyewa a akwatin Basfar. Ba ni da wata makaranta sai wannan hanya, domin zauren Malam cike yake da ɗalibai tun safe, ni kuma ina ofis.

Sai Basfar ta fara sanyi. A hawan da ke tsakanin duwatsu ta riƙa nishi, a rairayi kuwa sai da giya ɗaya. Ga shi ba na barin ofis sai rana ta take. Sau biyu muka makara, muka tarar da mutane a sahu cikin rana, ladan yana leƙen hanya. Na ji kunya ƙwarai.

Na kai ta wurin wani bakanike a bayan tasha, sa'ana ne, mai yawan barkwanci. Ya hau ya zaga, ya dawo yana girgiza kai.

"Alaramma, wannan ai jakar kai taki ce."

Na ce, "Gyara na kawo, ba zagi ba."

"Numfashinta ne ya toshe. In kana so, in farke salansar, in cire bututu da ragar da ke ciki, in liƙe da walda, in ƙara mata mai a kafireta. Kana murzawa za ta zabura."

"Babu wata illa?"

"Sai ƙara. Ƙara kuwa samari har roƙona suke yi in sa musu."

Na ji kalmar, ban auna ta ba. Na ce ya yi.

Gaskiya bai yi ƙarya ba. Juma'ar farko muka haye duwatsun kamar babu su, shanun makiyaya suna darewa daga gefen hanya, muka isa kafin kiran farko. Na biya karatuna tun daga Yalwawa har ƙofar masallaci, da ƙarfi, Malam bai taɓa ni ko sau ɗaya ba. Na yi wa Allah godiya, na ce ashe hadda ta zauna. Mako na biyu ma haka, na uku ma haka. Takardar kurakurai ta daina ƙaruwa. Har na ƙara yawan abin da nake ɗauka, ina lissafin watan da zan kammala.

Ranar Alhamis ta huɗu, bayan la'asar, muna fitowa daga masallacin unguwa Malam ya ce, "Gobe ka huta, zan bi mota."

Na bi shi har zaure, na zauna a ƙasa, na ce ko na yi wani laifi ne. Ya sallami ɗaliban da ke jiransa, ya ce in biya masa abin da na ɗauka cikin makonnin nan uku.

Ban ci shafi guda ba ya tsayar da ni sau huɗu. A wani wuri ma na bar ayar da nake kai na faɗa wata mai kama da ita a wata sura daban, na yi ta tafiya ban sani ba.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, a hanya ai ba ka taɓa ni ba."

"A hanya me na ji? Ƙeyarka kawai nake gani tana motsi, na san dai karatu kake yi. Mako uku ina riƙe da rigarka ina istigfari, kada iska ta ɗauke ni."

"Da Malam ya faɗa mini tun ranar farko."

"Na ga kana murna da abinka, kuma domina ka yi. Amma sharaɗinmu ya faɗi. Kuskuren da ka maimaita sau uku ban gyara ba, ya fara zama a kanka, alhakin kuma har da ni."

Washegari ya bi mota, ya taka rairayin da gwiwarsa. Ni na yi Juma'ata a Dutse, ban san me liman ya ce a huɗuba ba.

Asabar da safe na koma wurin bakanike, na ce ya mayar mini da abin da ya cire. Ya ce, "Kai ne mutum na farko da ya zo neman a rage masa gudu." Na ba shi labari. Ya daina dariya, ya durƙusa ya laluba ƙarƙashin bencinsa, domin bakanike ba ya zubar da ƙarfe. Ya zaro bututun da ragar, ya ɗaga su ga haske. Ramukan duk sun cushe da baƙin abu mai tauri kamar kwalta.

"Wa yake haɗa maka mai?"

"Ni da kaina."

Basfa, ga wanda bai sani ba, ana gauraya mata fetur da baƙin mai ne a tanki ɗaya. Na nuna masa ma'aunin da nake zubawa, na ce ina ƙara rabi a kai, saboda tausayinta, tana ɗaukar mutum biyu, ɗayan kuma malami.

"To ai kai ka shaƙe ta, Alaramma. Ita ba ta san sadaka ba, ma'auninta kawai take so. Da na duba tun farko, da ban farke ta ba. Wannan laifina ne."

Ya hura wuta da ɓaraguzan katako, ya jefa su ciki har baƙin ya zama toka, ya kakkaɓe, ya mayar, ya liƙe, ya saita kafireta yadda take a da. Da ya buga ta, sai ga tsohuwar muryarta, a hankali. Gudun bai kai na makonnin nan uku ba, amma ya fi na baya nesa ba kusa ba, ya kuma ishe mu isa kan lokaci.

Juma'ar da ta biyo Malam ya fito da sandarsa, ya tsaya ya saurari injin, sannan ya hau. Ya ce mu koma baya, daga inda ya daina ji. Ba mu wuce gidajen ƙarshe na Yalwawa ba na ji yatsunsa a kafaɗata ta hagu. Ban taɓa jin daɗin a ce na yi kuskure kamar ranar ba.

Damina biyu muka ƙara a kan wannan hanya. Sumunin ƙarshe na biya shi ne a cikin rairayi, ana hango hasumiyar masallacin. Malam ya ce in tsaya a gindin wata tsamiya, ya sauko, ya dafa kaina ya yi addu'a, sannan ya ce mu tafi, mutane suna jira. Bai daɗe bayan haka ba gwiwa ta zaunar da shi, kunne ma ya yi nauyi, kuma a shekarun da ake ta maganar ƙaddamar da shari'a Allah ya karɓi abinsa.

Basfar na sayar tuni, takardar kurakuran kuwa tana cikin gafakata. A tsakiyarta akwai wurin da na bari fari, na makonni uku. Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa. Bakaniken nan kuma, da bai zubar da wancan bututu ba, Allah ya saka masa da alheri a inda duk yake.