Ƙayar Aduwa a Kaskon Sha'ibu Wanzami

Takardar haihuwar Sha'ibu Wanzami ta ce an haife shi wajajen shekarar 1957, a wani ƙauye mai tafiyar awa guda a amalanke daga Gidan Amumune. Aska da ƙaho gadonsu ya yi wajen mahaifinsa, kuma shekara arba'in da biyu ya yi yana shimfiɗa tabarma ranar kasuwa a gindin bedi ɗaya. Amma ba aski ya fitar da sunansa ba, cire jifa ne.

In aka kawo masa mai ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, wanda ya sakankance jifarsa aka yi, sai Sha'ibu ya sa a share ɗaki, ya turara hano, ya yi ta kiran sunayen mutanen ɓoye da wata murya da ba tasa ba. Sannan ya yi tsaga, ya kafa ƙaho, ya zuƙa. Da ya juye jinin cikin kasko, sai a ga ƙayar aduwa kwance cikin gudan jini. Mata su ɗauki salati, maras lafiya ya fashe da kuka, washegari a gan shi yana shan fura.

Ƙayar kuwa tana tsakanin yatsunsa tun kafin ya shiga ɗakin. Liman ya sha cewa wannan aikin Shaiɗan ne, Sha'ibu bai taɓa yi masa musu ba, amma shi dai bai taɓa ganin Shaiɗan ko aljani ba, rabin sunayen ma shi ya ƙaga su. Abin da ya gani shi ne tsoro. Mutumin da tsoro ya hana wa barci da abinci, in ya ga tsoron nan da idonsa cikin kasko, ya ga an haƙa rami an binne, sai ya miƙe. A lissafinsa ƙayar ƙarya ce, miƙewar kuwa gaskiya.

Ƙa'ida guda yake da ita. Ƙari, tari da jini, zazzaɓin jarirai, waɗannan ba ya kafa musu ƙaho. Sai ya girgiza kai ya ce, "Wanga ba nawa ba ne. Mutanen sun ce a kai shi likita." Manjo Gazali, mai kula da ɗakin shan magani, yakan tsokane shi in ya zo aski.

"Abokin aiki, makon nan aljanunka sun turo mani mutum uku."

"Su ma sun san allurarka ta fi tasu tsini. Sunkuyo, kar in haɗa da kunne."

Matarsa Mariyama, wadda ya aura a 1981, ita ke nemo hano, ita ke wanke kaskon, ita ke ba da labarinsa a bakin rijiya. Bai taɓa gaya mata asirin ƙayar ba. Da farko nauyi ya ji, daga baya ya ga lokacin faɗa ya wuce.

Da kakar 2022, bayan an ɗaure gero, ta nuna masa wani ƙullutu a hammatarta ta hagu. Ta riga ta yanke cewa jifa ce, don sun yi cacar baki da wata kan iyakar gonar gyaɗa. Yana taɓawa ya gane ƙari ne. Ya ce gobe su je wajen Gazali.

"Gazali? Matan Hawandawaki sun hawo amalanke ka cire masu, ni mai wanke maka kasko ce za ka tura likita? Mi na yi maka, Maigida?"

Gaskiyar tana bakinsa, amma ya dubi fuskar da ta yi shekara arba'in tana ganinsa gagara-gasa, ya kasa. Ya turara hano, ya kafa ƙaho, ƙaya ta faɗo. Mariyama ta yi barci, ta koma daka, har ta yi ƙiba. Wata huɗu yana kallonta yana gaya wa kansa ƙila kuskure ya yi.

Da bazara hannun ya kumbura, ƙullutun ya fashe. Autarsu Rashida ta zo daga Tasawa, ta ce sai asibiti. Uwar ta ƙi.

"Akwai saura ciki. Ubanki zai cire."

Da hantsi Sha'ibu ya kira su tsakar gida, ya durƙusa gaban Mariyama ya faɗa mata gaskiyar ƙayar. Ta yi tsaki.

"Tsoron mai jifar kake, shi ya sa kake ƙasƙantar da kanka."

Sai ya zuba ruwa a ƙaho, ya nuna mata ƙayar tsakanin yatsunsa, ya juye a kasko. Ya sake yi a hankali, har sau uku. Ta daɗe tana duban kaskon.

"Duka?"

"Duka."

"Har na Hajjo, da ta yi wata shida kwance?"

"Ta tashi da gaske. Amma ƙayar daga aduwar bayan gidanmu na ɓallo ta."

"Nawa fa?"

Ya ajiye ƙayar a gabanta. Washegari ta hau kabu-kabu zuwa asibitin Mayahi ba tare da ta dube shi ba. Daga Mayahi aka tura su Maradi, inda likitoci suka ce ciwon ya bazu. Suka dawo bayan kwana goma sha tara da maganin rage zogi. Magana tsakaninsu ba ta wuce ga ruwa, ga kunu.

Wata rana bayan azahar, ta kwana uku ba ta runtsa ba, ta ce, "Maigida, ɗauko zabirarka."

"Kin san abin da ke cikinta."

"Na sani. Ɗauko. Ka kira su da muryar nan."

Ya kafa mata ƙaho a bayan kafaɗa, muryar na karyewa. Ta rufe ido, ta ce don kar ta ga yatsunsa. Da ya juye kaskon ta ce, "Da ka faɗa mani tun ina amarya, da na taya ka ɓoyewa. Na mutane kai da Allah. Nawa na yafe." Ta yi barci har magariba. Ranar 9 ga Yuli, 2023, Allah ya karɓi abarsa.

Sha'ibu yana nan da rai, yana aski ranar kasuwa. Cire jifa ya bari, kowa aka kawo ya ce a kai shi wajen Gazali. Wasu sukan je, a auna su a ce lafiyarsu lau, su dawo suna ramewa, su tsuguna bakin tabarmarsa suna roƙo. Yana duban idonsu ya san ciwon da ke damunsu, ya san rabin awa ta ishe shi ya tashe su. Sai ya ɗora hannuwansa bisa gwiwa, ya ce su yi haƙuri.